Tarihin Ajiya Da Ɗauko A Cikin Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa riƙe wayar hannu mai araha a Yelwa, ko Warra, ko Shanga, ya san wani hali nata mai ban haushi. Mutum ya buɗe wasiƙa, ya koma ga hoto, ya so ya duba lissafin kuɗin albasarsa, sai wayar ta tsaya cik kamar jakin da ya ga rami. Mutane su kan ce ta tsufa, ko kuwa ta cika. Akwai gaskiya a ciki, amma asalin abin ya girmi wayar da shekaru da yawa. Wata tsohuwar matsala ce wadda masana suka fara kokawa da ita a Ingila tun kafin a aza harsashin madatsar ruwa ta Kainji.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san abu guda. Kowace kwamfuta, babba ko ƙarama, har da wayar da ke aljihu, tana da ma'ajiya iri biyu. Ɗaya ƙarama ce mai tsada, amma tana da sauri ƙwarai, kuma a cikinta kaɗai a ke iya aiki. Ɗayar babba ce mai sauƙin kuɗi, amma nawa gare ta. Mu kwatanta da ɗan kasuwa wanda rumfarsa a Yelwa ba ta ɗaukar fiye da buhu talatin, alhali sitonsa yana can wani gungu a tsakiyar Kwara cike da kaya. Abin da ke rumfa shi ne ya ke iya miƙa wa mai saye nan take. Abin da ke gungu kuwa sai an tura yaro da jirgi. To, dukan wannan tarihi a kan tambayoyi uku ya ke: yaushe za a tura jirgi, wane buhu za a mayar don a sami wuri, kuma wa ke riƙe da makullin sito.

A zamanin kwamfutocin farko, wajen 1950, mai rubuta wa na'ura umarni shi ne ke ɗauke da wannan nauyi duka. Sai ya zauna da takarda da fensir ya yanka aikinsa gunduwa-gunduwa, ya ƙayyade cewa in wannan yanki ya gama a fitar da shi a shigo da wancan. In ya kuskure a lissafi, aikin mako ya lalace. In kuma aka sayo wata na'ura mai ma'ajiya dabam, sai a koma a sake yanka tun daga farko. Masu ilmi da aka ɗauka don su yi lissafin taurari ko na gina gada sai suka zama 'yan dako.

Birnin Mancasta sananne ne ga kakanninmu ta wajen yadi da atamfa da a ke kawowa kasuwannin Afirka ta Yamma. A jami'ar wannan birni ne wasu malamai biyu, Freddie Williams da Tom Kilburn, suka tayar da wata 'yar na'ura ran 21 ga Yuni, 1948, wadda ita ce ta fara aiki da umarnin da aka ajiye a cikin ma'ajiyarta ta lantarki. Bayan wasu shekaru Kilburn da mutanensa suka haɗa kai da kamfanin Ferranti suka ƙera wata babba, suka sa mata suna Atlas. Aka yi bikin buɗe ta ran 7 ga Disamba, 1962, watau Nijeriya na da shekara biyu da samun mulkin kai.

Ma'ajiyar Atlas mai sauri an yi ta da ƙananan zobba na maganaɗisu da aka tsire a jikin waya, tana ɗaukar kalma 16,384. (Kalma a nan wani ma'auni ne na lambobi, ba kalmar baka ba.) Babbar ma'ajiyar kuwa ganguna ne huɗu na ƙarfe masu juyawa, suna ɗaukar kalma 98,304 gaba ɗaya. Dabarar da suka yi ita ce suka raba kome zuwa kashi-kashi masu girma ɗaya, kowane kashi kalma 512, suka kira shi shafi. Ke nan shafi 32 ke shiga ma'ajiya mai sauri, 192 na kan ganguna. Buhuna sun zama mudu ɗaya, kowanne na iya zama gurbin ɗan'uwansa. Sa'an nan suka sa wa na'urar wani ɗan rajista wanda ke nuna shafin da ke kowane gurbi. In aiki ya nemi wata kalma, sai a duba rajista cikin ƙiftawar ido. In shafin na nan, shi ke nan, aiki ya ci gaba. In ba ya nan, na'ura ta dakatar da wannan aiki, ta kira wani babban umarni wanda ya ke kamar heluma a kan sauran, shi kuwa ya aika ganga a ɗauko, kuma kafin shafin ya iso ya ba wani aiki dama ya yi nasa. Wannan tsayawa ita ce za mu kira rashin shafi. Mai rubuta umarni bai ma san an yi ba. A ganinsa rumfarsa ta kai girman sito.

Abin da ya fi burge ni cikin aikin mutanen Kilburn shi ne yadda suka yi da tambaya ta biyu. Helumansu kullum ya kan bar gurbi ɗaya wofi, don kada jirgi ya iso da kaya a rasa inda za a sauke. Kuma ya kan riƙa lura da kowane shafi: tun yaushe rabon a taɓa shi, kuma a karon da ya wuce tsawon wane lokaci ya yi ba a neme shi ba. Da wannan ya ke kintatar wanda aka gama da shi, ya mayar da shi ganga. Kilburn da abokansa uku suka bayyana dabarar a wata maƙala a 1962.

Dabarar ta bazu zuwa Amurka, amma da aka fara sa mutane da yawa su yi aiki da na'ura ɗaya a lokaci guda sai wani ciwo ya ɓullo wanda ya kusa kashe ta. Na'urar da ke tafiya lafiya da aiki biyar, a ƙara mata na shida, maimakon ta ɗan rage sauri sai ta durƙushe baki ɗaya. Ganga na ta juyi, wuta na ta ci, ba abin da ke ƙarewa. Dalili kuwa, kowane aiki ya nemi shafinsa sai a kori na wani don a ba shi wuri, wancan ya farka ya nemi nasa a kori na wannan. Jirgi ya yini yana kai da kawowa tsakanin gungu da gaɓa, ɗan kasuwa bai sayar da ko albasa ɗaya ba. Ɗauko shafi daga ganga ya fi karanta shi a ma'ajiya mai sauri daɗewa sau dubbai, saboda haka ƙaramin ƙari a yawan rashin shafi ya isa ya cinye yini duka. Kamfanoni sun zuba kuɗi masu yawa cikin waɗannan na'urori, masu saye kuwa suka fara cewa gara tsohuwar hanya ta fensir da takarda.

Mutum biyu ya kamata a ambata a nan. Na farko Laszlo Belady, mutumin Hangari da ke aiki a kamfanin IBM. A 1966 ya nuna cewa shafin da ya fi cancanta a kora shi ne wanda za a fi daɗewa ba a sake nemansa ba. Magana ce mai kyau, sai dai sanin gobe sai Allah, don haka ta zama ma'aunin da a ke gwada sauran dabaru da shi kurum. A 1969 kuma shi da abokan aikinsa suka gano wani abin mamaki: in ana bin dokar wanda ya riga shiga shi ke riga fita, wani lokaci ƙara girman rumfa ya kan ƙara yawan tafiyar jirgi. Na biyu Peter Denning, wani saurayi mai karatun digiri a makarantar MIT. A 1968, shekarar da aka gama ginin Kainji ruwa ya fara hawa kan tsohuwar Busa da gungunan Yauri, ya bayyana cewa kowane aiki, kome girmansa, a kowane ɗan lokaci wasu 'yan shafuka kaɗan ya ke ta juyawa, kamar yadda mai tuwo ba ta bukatar dukan rumbu, sai garin yau da tukunya da muciya. In aka tabbatar wa kowane aiki da waɗannan 'yan shafuka nasa, ba zai dami kowa ba. In rumfa ba za ta ɗauki na kowa ba, to a sallami aiki ɗaya ɗungum ya jira waje, ya fi a bar su duka suna ƙwace da juna. A 1972 IBM ta sa wannan tsari na shafuka cikin manyan na'urorinta na System/370, gardama ta mutu.

Daga nan sai mu tsallaka zuwa 1991. Ran 25 ga Agusta wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta heluma na kansa don ƙaramar kwamfutarsa. Bayan kwana biyu, ran 27 ga wata, aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. Abin da ya rubuta shi ne Linux, wanda kowa ke da iznin dubawa da gyarawa, kuma a kansa aka gina Android da ke cikin yawancin wayoyin da a ke sayarwa a ƙasar nan. Shafinsa a bisa al'ada harafi 4,096 ne. Sashen ajiya da ɗauko kuwa shi ne ya fi jawo rigima tsakanin masu aikinsa. A Satumba 2001, 'yan makonni bayan an fara wayar salula ta GSM a Nijeriya, Torvalds ya tumɓuke tsarin da Rik van Riel ya yi ya dasa na Andrea Arcangeli, a tsakiyar zubin da aka riga aka ce wa jama'a ya zauna. Wasu manyan abokan aikinsa suka ƙi bi na ɗan lokaci. Sauya jirgi ne a tsakiyar kogi, kuma ko da ya ke an haye lafiya, ba na jin hujja ce ta a riƙa yin haka.

Saura tambaya ta uku, ta makulli, wadda ita ce ta zamaninmu. Atlas ma'aikaci ɗaya gare ta. Wayar yau kuwa tana da huɗu ko takwas a cikin ƙwaƙwalwarta, kuma manhaja ɗaya ta kan raba aikinta ga yara da yawa masu gudu tare. A Linux kowace manhaja tana da littafi guda da ke nuna yankunan ma'ajiyarta, kuma kafin 2023 kwaɗo ɗaya ne tak a kan littafin. A lokacin, masu dubawa kawai suna iya shiga tare, amma da zarar ɗaya ya zo zai canja ko layi guda, sai ya rufe ƙofa, duk wanda rashin shafi ya same shi ya tsaya a layi, ko da abin da ya ke nema ba ruwansa da layin da a ke gyarawa. Lokacin buɗe manhaja ne abin ya fi tsanani, don a sa'an nan ne a ke ta rubutu a littafin, a ke kuma ta neman shafuka.

An yi shekaru ana neman magani. Peter Zijlstra ya kawo shawara, Laurent Dufour na IBM ya ɗora a kai, cewa a bar mai nema ya shiga ba makulli, in ya fito ya duba ko an taɓa littafin a bayansa, in an taɓa ya sake. Wasu masu ƙera waya suka ɗauka suka yi amfani da ita, amma masu kula da Linux ba su karɓa ba, don ta cika sarƙaƙiya, kuma kuskure a wannan wuri ya kan sa a ba wani kayan wani. Sai da aka sake fasalin littafin kansa a zubi na 6.1, cikin Disamba 2022, sa'an nan hanya ta buɗe. A wannan zubi ne kuma aka shigar da aikin Yu Zhao na kamfanin Google, wanda ke jera shafuka tsara-tsara bisa ga rabonsu da aiki, jikan waccan lura ta heluman Atlas. A Yuni 2023, a zubi na 6.4, aka karɓi aikin Suren Baghdasaryan, shi ma na Google: kowane yanki ya sami ɗan kwaɗonsa, babban kwaɗo kuwa sai in ƙaramin ya gagara. Ba a yi wata guda ba aka tarar da wani aibi da ke ɓata ajiya sa'ad da manhaja ke haifar 'yarta, aka toshe shi cikin Yuli.

Waya tana da wata wahala da Atlas ba ta sani ba. Babbar ma'ajiyarta ta kan gaji in aka yawaita rubutu a kanta, saboda haka Android ba ta son mayar da shafuka can. Sai ta matse su, kamar yadda a ke banda kifi ya ƙanƙance, ta cusa su a wani lungu na rumfar. In hakan bai isa ba sai ta rufe manhajar da aka fi daɗewa ba a duba ba, watau shawarar Denning ke nan ta sallamar aiki ɗaya. Shi ya sa mai waya mai ƙaramar ma'ajiya ya kan koma ga abin da ya bari ya tarar ya fara daga farko. Kuma yawanci waya da irin heluman da aka ƙera ta da shi ta ke tsufa, don haka gyaran 2023 sai a sababbi a ke samunsa. A 2024 Android ta 15 ta fara yarda da shafi mai harafi 16,384, ninki huɗu na tsohon. Babban buhu ya kan rage yawan tafiyar jirgi, amma in ba a cika shi ba sauran wurin ya tafi a banza, wayar da ma'ajiyarta ta fi ƙanƙanta kuwa ita ce za ta fi jin wannan hasara.