Yaran Cikin Badala Da Darasin Kishin Jama'a

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya, zan taɓo tarihin yadda aka riƙa koya wa yaran birnin Kano kishin jama'a.

Tun kafin boko, unguwa ita ce makarantar farko. Ganuwar da Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara ginawa, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa, da aikin gayya ake gyara ta in damina ta zaizaye ta. Yaron da ya tashi yana ganin ubansa na cuɗa ƙasa tare da maƙwabta, ba sai an gaya masa garin nasa ne ba. Ga makarantar allo da ta haɗa ɗan attajiri da ɗan talaka a tabarma ɗaya. Ga kuma tashe cikin azumi, inda yara ke haɗa kai, su zaga gidaje, su raba abin da suka samu.

A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, wajen ganuwa. Daga baya boko ya shigo cikin gari, aka yi makarantu irin su Shahuci, inda Malam Aminu Kano, ɗan unguwar Sudawa, ya yi elemantare. Har Gidan Makama ma sai da ya zama wurin karatu.

Babban sauyi ya zo a 1976, da gwamnatin Obasanjo ta kawo ilmin firamare kyauta. A shekarar ne Felicia Adedoyin ta rubuta alkawarin ƙasa da yara ke karantawa da safe. A 1984 Buhari da Idiagbon suka kawo yaƙi da rashin ɗa'a, aka koyi bin layi da sharar gari. A 2004 Malam Ibrahim Shekarau ya ƙaddamar da A Daidaita Sahu.

Mu da muka yi firamare bayan zamanin Idiagbon, mun haddace alkawarin nan tsaf da Turanci, amma ba kasafai ake fassara mana shi ba. Abin da ya zauna mana a zuciya shi ne sharar aji bi-da-bi, da karo-karon kwabbai don duba ɗan ajinmu da ba shi da lafiya.

Yau wurare da dama na badala sun rushe, wasu an yanka filaye an yi gini a kai. Yaron da ba a taɓa kai shi Dala ko marinar Ƙofar Mata an ce masa wannan gadonka ne ba, da wane dalili zai hana a rushe shi gobe?

Malamai da iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A fassara wa yara alkawarin nan da Hausa, a kai su gidan tarihi na Gidan Makama, a ba kowane aji lungu ɗaya ya riƙa sharewa. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.