Barkwanci

barkwanci (suna, namiji, ba shi da jam'i)

1. Magana ko labari mai ban dariya da ake yi don nishaɗi, ba da nufin cin mutunci ba: *Direban motar Zagga zuwa Bagudo ya cika barkwanci, har muka isa ba wanda ya ji gajiyar hanya.*

2. Tsokanar da al'ada ta yarda da ita tsakanin abokan wasa. Nan kalmar ta fi nauyi. Taubashi kan tare ɗan'uwansa a kasuwa ya ce, *"Bawana, ina kuɗin sharata?"* Kaka kan ce wa jikanta, *"Maigida, yau ma ba cefane?"* Haka Bafulatani da Ba'are, ko Bazabarme da Bagobiri, in sun haɗu a kasuwannin iyakar Binin, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar cikin gadon al'adun duniya.

Ya bambanta da ba'a, wadda kan zo da raini. Ba a barkwanci da suruki, ko a zaman makoki.

Duba kuma: raha, zolaya, taubasantaka.