Maganin tsutsar ciki da ya koma maganin barin giya, da inda aka samo 0.5%

1/ Ran Asabar da daddare wani yayana, ɗan baffana, ya turo min hoton gwangwani. Giya ce irin wadda aka rubuta wa "babu barasa". Ya ce: "Likita, in sha? Yau kwana 40 ina kan ƙwayar nan." Ni ba likita ba ne, ɗalibin harhaɗa magunguna ne aji uku. Amma tambayar ta hana ni barci. Zare 🧵

2/ Da izininsa nake rubuta wannan, kuma ba zan faɗi suna ba. Kun san yadda muke. Mutum zai shekara goma yana sha a ɓoye, ranar da ya je neman magani ranar za a fara nuna shi da baki.

3/ Ƙwayar da yake sha sunanta disulfiram, an fi saninta da Antabuse. Tun 1881 aka fara haɗa sinadarin, kuma ba don ɗan Adam aka yi shi ba. Masana'antun roba ne suka riƙa amfani da shi don robar ta yi ƙwari da wuri. E, robar taya.

4/ A 1937 wani likitan masana'anta a Amurka, E. E. Williams, ya lura cewa ma'aikatan da ke taɓa sinadarin, in suka tashi aiki suka kurɓi giya ko kaɗan, sai fuska ta yi ja, zuciya ta hau bugu, kai ya sara. Ya rubuta cewa ƙila a samu maganin shaye-shaye a nan. Ba wanda ya bi ta kansa.

5/ Sai Denmak, lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Jamus na riƙe da ƙasar. A kamfanin magani na Medicinalco a Kopenhagen akwai Erik Jacobsen da Jens Hald. Su ba ruwansu da mashaya. An riga an ga sinadarin yana kashe ƙazuwa, su kuma suna son su gani ko zai kashe tsutsar ciki.

6/ Jacobsen irin mutanen nan ne masu gwada magani a jikinsu kafin su ba wani. Ya haɗiyi ƙwayar, daga baya ya sha giyarsa yadda ya saba, jiki ya rikice. Hald ma haka ta same shi. Da suka haɗa labari suka gane ba abinci ba ne ya ɓata musu ciki. Wannan a 1945 ne.

7/ A 1948 suka fitar da sakamakon a mujallar The Lancet, tare da rahoton likita Oluf Martensen-Larsen da ya gwada shi a kan masu fama da shaye-shaye. Amurka ta amince da shi a 1951, shi ne maganin farko da ta amince da shi don wannan ciwo.

8/ Yadda yake aiki shi ne gaba ɗaya amsar tambayar Yaya, don haka ku bi ni a hankali. Hanta tana sarrafa barasa hawa biyu. Hawa na farko ta mayar da ita asetaldehaid, wanda guba ne. Hawa na biyu wani enzayim ya mayar da gubar abu marar cutarwa. Disulfiram hawa na biyun yake toshewa.

9/ Sai gubar ta taru a jini. Cikin mintuna kaɗan: zufa, amai, numfashi sama-sama, jini ya sauka. Ƙwayar ba ta cire kwaɗayin giya fa. Tsoro take sa maka, shi ke nan. Kuma ko ka daina sha, tasirinta na iya kai mako biyu a jiki.

10/ Abin da ya fi ba ni haushi a tarihin: a shekarun farko likitoci kan ba mutum ƙwayar da yawa, sannan su miƙa masa giya a gabansu don ya ɗanɗana azabar ya horu. Akwai waɗanda suka mutu. Yanzu an rage, yawanci miligiram 250 a rana, kuma ba a ba mutum ba da saninsa ba. Masu tunanin barbaɗa wa miji ko ɗa a abinci, don Allah kar ku fara.

11/ To mu koma kan gwangwanin. Ina aka samo giya "marar barasa"? Amurka ta haramta giya daga Janairun 1920 zuwa Disambar 1933. Dokar Volstead ta 1919 ta ce duk abin shan da barasarsa ta kai kashi 0.5 cikin 100 mai sa maye ne. Ƙasa da haka ka sayar abinka.

12/ Kamfanoni suka ce to madalla. Su dafa giya, su cire barasar har ta sauka ƙasa da 0.5, su zuba a kwalba. Anheuser-Busch na da wata mai suna Bevo tun 1916. Mashaya kuma ba su rasa dabara ba, da sirinji suke ɗura barasar su mayar cikin kwalbar 😅

13/ Haramcin ya tafi, lambar ta zauna. Har gobe a Amurka da ƙasashe da dama, abin da bai kai 0.5 ba ana iya rubuta masa "marar barasa". Wato lambar nan 'yan majalisa ne suka yanka ta, ba likitoci masu kula da mai shan disulfiram ba.

14/ Lissafi: gwangwani mai mililita 330 a kan 0.5% zai iya ɗaukar barasa har mililita 1.65. Kaɗan ce, sai ka sha goma kafin ka kamo giyar 5% guda ɗaya. Amma ku tuna takardar cikin kwalin maganin tana gargaɗi a kan maganin tari mai barasa, ruwan kurkure baki, har da turaren shafawa bayan aski. In ana tsoron abin da ake tofarwa, ina ga wanda ake haɗiyewa?

15/ Kar a haɗa da Maltina da 'yan uwanta. Waɗannan ba a barinsu su tsima su zama giya tun farko. Ita kuwa wannan an so ta yi ƙamshi da ɗacin giya sak, don haka ake sayenta.

16/ Ba duk magungunan ne haka ba. Naltrexone (Amurka, 1994) da acamprosate (2004) kwaɗayi suke ragewa, ba sa jawo wancan rikicin. Amma ko a kansu ɗanɗanon kansa tarko ne. Mutumin da ya shekara tara yana buɗe gwangwani bayan isha'i, ƙarar buɗewar ma tuna masa take.

17/ Duk wannan ban tura wa Yaya ba a daren, ai da ya yi barci kafin in kai Denmak. Cewa na yi: "Yaya, juya bayan gwangwanin ka karanto min." Ya karanto: ƙasa da 0.5%. Na ce ajiye, Litinin ka tafi da shi wurin likitanka ka nuna masa.

18/ Ya yi shiru can, ya ce shi ba maye yake nema ba. Abokan aikinsa ne ke zama bayan an tashi, kowa da kwalba, shi kaɗai hannu wayam, ana ta tambayarsa lafiya. Wallahi ban san me zan ce masa ba, wannan ba ya cikin abin da aka koya mana.

19/ Litinin ya je. Likitan ya ce muddin yana kan ƙwayar kar ya taɓa, har masu rubuta 0.0. Jiya ya turo min wani hoton, gorar zoɓo mai ƙanƙara a kan teburin nasu. Wai biyu daga cikin abokan sun fara cewa ya riƙa taho musu da nasu. Yau kwana 46.