Talo-talon Ranar Godiya: wa ya cika farantin?

 Yau Amurka za mu leƙa, mu duba abincin da suke ci ranar Alhamis ta huɗu ga watan Nuwamba, wadda suke kira Ranar Godiya: gasasshen talo-talo, da haɗin burodi da ake cusa masa a ciki, da dankali da kayan lambu, da romo mai kauri da ake kwararawa a kai. Me wannan abinci yake ba jiki? Sai mun bi tarihinsa za mu gane, domin ba a rana ɗaya aka cika farantin ba, kowane zamani da abin da ya ɗora.

Mu fara da tsuntsun. A yankin Meziko aka fara kiwon talo-talo, kusan shekara 2,000 da suka wuce. Mutanen Sifaniya ne suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16. Kafin nan Turawan Ingila sun san zabo, wannan dai namu na Afirka, kuma suna danganta shi da fataken daular Turkiyya, har suna kiransa kazar Turkiyya. Da sabon tsuntsun ya iso sai ya gaji sunan. Shi ya sa har yau a Ingilishi sunan talo-talo da na ƙasar Turkiyya ɗaya ne, alhali ba can ne asalinsa ba.

Amurkawa kan jingina bikin ga shekarar 1621. A 1620 jirgin ruwa mai suna Mayflower ya kawo mutum 102 daga Ingila zuwa wurin da ake kira Plymouth, kuma kusan rabinsu sun mutu a hunturun farko. Da kaka ta yi, waɗanda suka rage suka yi walimar kwana uku tare da Massasoit, sarkin ƙabilar Wampanoag, da mutanensa kamar 90. Edward Winslow, wanda aka yi abin a gabansa, ya rubuta cewa an harbo tsuntsaye, 'yan ƙasar kuma sun kawo bareyi biyar. Bai ambaci talo-talo da suna ba. Dankalin Turawa ma bai iso yankin ba tukuna. Naman daji ne da masara, abincin mutanen da suka tsallake yunwa da ƙyar. Zaman lafiyar ma bai ɗore ba: a 1675 yaƙi ya ɓarke, a 1676 aka kashe Metacom, ɗan Massasoit. Tun 1970 wasu 'yan asalin ƙasar ke taruwa a Plymouth a wannan rana domin zaman makoki.

To ina farantin ya samo asali? A kan takarda. A 1796 Amelia Simmons ta buga littafin girki na farko da wani ɗan Amurka ya rubuta, ta bayyana yadda ake cusa wa talo-talo gogaggen burodi da man shanu da ƙwai da ganyayen ƙamshi da naman alade mai gishiri. A 1827 wata marubuciya, Sarah Josepha Hale, ta fitar da littafin labari mai suna Northwood, inda ta siffanta teburin Ranar Godiya da gasasshen talo-talo a matsayin jagoran abinci. Daga baya ta zama editar mujallar mata ta Godey's Lady's Book, ta shafe shekaru tana buga girke-girke, tana aika wa gwamnoni da shugabannin ƙasa wasiƙu a mayar da ranar ta ƙasa baki ɗaya. A watan Satumba na 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, ta rubuta wa Abraham Lincoln. Ranar 3 ga Oktoba ya yi shelar. A 1941 majalisa ta tsayar da Alhamis ta huɗu a dokance. Abin da miliyoyin mutane ke ɗauka gadon kaka da kakanni ne, alƙalamin mace ɗaya ya yi masa babban aiki.

A zamanin Hale ba a fara auna abinci da irin lissafin yau ba. A shekarun 1890 ne masanin sinadarai Wilbur Atwater ya kafa lissafin da ake amfani da shi har yau: giram ɗaya na furotin ko na sitaci yana ba da kalori 4, giram ɗaya na kitse kuwa kalori 9. Mu ɗora farantin a kan wannan ma'auni.

Giram 100 na gasasshen ƙirjin talo-talo, ba fata, yana da furotin kimanin giram 30, kitsensa bai wuce giram 3 ba, kalorinsa wajen 140. Yana da bitamin B3 da B6. Naman cinya ya fi kitse, amma ya fi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Ke nan naman kansa ba shi da nauyi. Nauyin yana cikin rakiyarsa. Babban cokali ɗaya na man shanu kalori 100 ne ko kusa da haka, wato cokali ɗaya da rabi ya kamo wancan yankan nama gaba ɗaya. Cushen cikin burodi ne da ya sha man shanu, ya kuma tsotse kitsen tsuntsun yayin gashi. Romon kuwa kitsen da ya tarara a tire ne, aka kaɗa shi da fulawa da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kuma cushe da romo suna cikin inda gishirin ya fi taruwa. Karas da dankalin Hausa suna ba jiki bitamin A, koren wake yana taimaka wa narkewar abinci, muddin ba a nutsar da su cikin mai ba. Zancen da ake yi cewa naman talo-talo na sa barci kuwa, sinadarin da ake zargi yana cikin kaza ma daidai gwargwado. Cika ciki ne ke kawo gyangyaɗi.

Ƙarni na 20 ya zo da kamfanoni. A farkon shekarun 1950 kamfanin Swanson ya fara sayar da wannan abinci a daskare cikin tiren gorar ruwa, talo-talo da cushe da romo da dankali, a kan senti 98, a ɗumama a ci a gaban talabijin. A 1955 Dorcas Reilly, ma'aikaciyar kamfanin Campbell, ta haɗa koren wake da miyar gwangwani da soyayyar albasa, haɗin ya zama ɗan gida a teburin bikin. Tsuntsun ma an sauya shi. A 1929 talo-talon kasuwa a Amurka wajen kilo 6 yake, yanzu ya haura kilo 13. An yi ta zaɓen iri mai faɗin ƙirji har ya kai ba ya iya barbara da kansa, sai da hannun ɗan Adam.

Sai tambayar da ba a cika yi ba: in Amurkawa farin naman ƙirji suke so, ina sauran yake zuwa? Tsuliyar talo-talo, wadda galibinta kitse ne, ana loda ta a jirgi zuwa ƙasashen da ke neman nama mai arha. 'Yan uwanmu na Gana sun san ta da suna cofi, ana soya ta a bakin titi, duk da gwamnati ta hana shigo da ita tun 1999. Tsibirin Samowa ya haramta ta a 2007 saboda ƙiba da cututtukan da ke biyo bayanta, amma ya janye haramcin a 2013, domin yana cikin sharuɗɗan shigarsa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Tsuntsu ɗaya ne, amma wani ya samu tsoka, wani kitse.

Don haka in aka tambaye mu ko wannan abinci yana da amfani a jiki, sai mu ce: wane ɓangare, kuma a farantin wa? Mu da ke koyon rubutu, in mun sa abinci a gaban tauraron labarinmu, mu san wanda ya ɗora kowane abu a kwanon da lokacin da ya ɗora shi. Hale ta siffanta teburi ɗaya a 1827, ga shi kusan shekara 200 ana cin abin da ta rubuta.