Daga Wutar Kara Zuwa Farantin Sola: Tarihin Hasken Makaranta a Ƙasar Wudil

Duk lokacin da aka ta da zancen sanya wa makarantu wutar sola, ko koya wa ɗalibai tattalin muhalli, akan yi maganar kamar wani baƙon ilimi ne da ya sauka daga Turai jiya. Wanda ya san tarihin karatu a ƙasar Kano ba zai yarda da haka ba. Tambayar da me za a haskaka wurin karatu, da wa zai kawo abin haskakawar, da kuma yadda za a yi kayan karatu su daɗe, ta girmi zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru, kuma ƙauyukan noma irin su Kausani da Utai da Indabo da Darki a ƙaramar hukumar Wudil sun daɗe da ba ta amsa irin tasu. Abin da wannan tarihi yake nunawa, a ganina, shi ne makarantar Bahaushe ba ta taɓa samun haske mai ɗorewa ba sai lokacin da makamashin yake hannun mutanen wurin, suna iya samo shi, suna iya gyara shi, kuma an san wanda za a tuhuma idan ya yanke. Da wannan ma'auni ya kamata a auna solar da ake ta kafawa yau.

A tsangaya, karatu mai nauyi na dare ne da na asuba, domin da rana akwai gona da sauran hidimomi. Saboda haka kowace tsangaya tana da kiskadi, wato filin da ake hura wuta a tsakiya, almajirai su kewaye ta da allunansu. Makamashin wannan wuta ba daga nesa yake zuwa ba. Bayan an yi girbi, gonakin dawa da gero suna cike da kara, ga ƙirare da busassun rassa, kuma an raba aikin: da yamma kolawa da titibirai su fita su ɗauro, kowa ya kawo rabonsa, gardi ya duba wanda ya yi ƙiwa, alaramma kuma shi ne mai faɗa a ji. Wuta guda tana yin aiki uku, ta ba da haske, ta kore sanyin hunturu, ta kuma tara yara wuri ɗaya inda idon malam zai kai kan kowa. Tokar da ta rage gona take komawa. Kara kuwa ba ya ƙarewa, domin kowace damina tana sake haifar da shi, kuma ba daidaituwa ba ce kawai da lokacin da malamai suke fita da almajirai ci-rani ya zo daidai da lokacin da kara ya yawaita a karkara. Malamin da yake nazarin littattafai a zaure shi ma fitilarsa ta gida ce, aci-bal-bal ta yumɓu ko ta ƙarfe, da man gyaɗa ko man kaɗe a ciki da lagwanin auduga. Maginin tukwane da maƙeri da mai ƙuli-ƙuli da mai kaɗin zare, dukkansu suna cikin gari ko a kasuwa mafi kusa.

Kayan rubutun ma haka suke. Takarda abu ce mai tsada ƙwarai a da, domin mafi yawanta daga Italiya take fitowa, ta biyo ta Tarabulus a kan raƙuma ta ƙetare Sahara, don haka ba a ɓata ta sai ga gwanin da zai rubuta Alƙur'ani ko malamin da zai kwafi littafi. Yaro allo ake ba shi, wanda masassaƙi ya sassaƙa daga itace mai ƙwari kamar aduwa. Ya rubuta, ya biya, ya haddace, ya wanke, ya shanya a rana, ya sake rubutawa, allo ɗaya ya yi masa shekaru har wani lokaci ya gadar wa ƙanensa. Tawadar daga gawayi da ƙaro ake haɗa ta, alƙalamin kuma a feƙe shi daga gamba ko sillen kara. Ko ruwan wankin allo ba a watsar da shi inda aka ga dama, saboda girman abin da aka rubuta. A farkon mulkin Turawa an ƙiyasta cewa akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewacin Nijeriya. Duk wannan tsari yana tafiya ba tare da kasafin kuɗin wuta ba, ba kuma tare da tarin bola a bayan makaranta ba.

Mai hankali zai iya cewa wannan duk ƙawata talauci ne, cewa mutanen da ba don son muhalli suka yi haka ba, rashin wani zaɓi ne ya sa. Akwai gaskiya a ciki, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Hasken wutar kara yana rawa, yana gajiyar da ido, hayaƙinsa kuma yana shiga ƙirjin yaro ƙarami dare bayan dare. Nauyin ɗauro itacen a kan ƙananan yara yake, wasu a cikin sanyi babu takalmi. Ba wanda yake ƙaunar almajiri da zai ce a dawwama a haka. Amma zargin da ake yawan haɗawa da wannan, cewa irin wannan amfani da itace shi ya cinye dazukan Kano, bai tsaya da ƙafafunsa sosai ba. Binciken da Michael Mortimore da abokan aikinsa na Jami'ar Bayero suka yi kan itacen girki a Kano, wanda aka buga a 1990, ya gano cewa a karkarar da ke kewaye da birnin, inda jama'a suka fi cunkoso, bishiyoyin cikin gonaki ba su ragu ba duk da farin shekarun 1970. Dalilin shi ne kowace ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo tana da mai ita, yana sassabe reshe ya bar uwar. Inda ɓarna ta fi yawa shi ne dazukan nesa da ba su da takamaiman mai su, inda manyan motoci suke lodin itace zuwa birni. Wannan bincike ya taɓa ainihin maganar: abin da yake da mai shi yana sabuntuwa, wanda aka bar wa kowa kuwa yana ƙarewa. Ko da talauci ne ya haifar da tsarin tsangaya, tsarin ya ƙunshi hikimar rabon nauyi wadda arziki bai isa ya soke ta ba.

Makarantar boko ta zo da wani lissafi daban. Tun daga makarantar Baturen nan Ɗan Hausa da aka buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, karatu ya koma na rana, cikin ɗaki mai tagogi, kuma kayan aikinsa, takarda da alli da fensir, daga waje ake kawo su. Makarantun kwana, irin su tsohuwar Kwalejin Horar da Malamai ta Wudil, su ne suke buƙatar hasken dare, sai aka koma ga fitilar ƙwai da kananzir, daga baya lantarki da janareta. Hasken ya fi na kara tsabta da ƙarfi, babu musu. Sai dai a karon farko ya zama abin da ake jira daga wani wuri: daga madatsar Kainji da aka kammala a 1968, daga hukumar NEPA da aka kafa a 1972, daga ma'aikatar ilimi da za ta saki kuɗin man dizal. Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya watsa ajujuwa a ƙauyuka, akasarinsu ko waya ba a ja musu ba, tunda ana ganin rana ta ishe su. Hedimasta ya zama mai rubuta takardar koke, iyaye kuma suka ɗauka makaranta ta gwamnati ce, ba ruwansu da ƙwan fitilarta. A nan ne aka yi asarar da ba a cika lissafawa ba, wato ɗabi'ar nan ta cewa hasken wurin karatu aikin mutanen wurin ne.

Ita ma solar ba sabuwa ba ce a makarantun wannan yanki na Afirka kamar yadda ake zato. A Jamhuriyar Nijar, wadda ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin a tsakiyar shekarun 1960, an gwada kunna akwatin talabijin na wata makaranta kusa da Yamai da farantin sola tun 1968, domin baturan da ake amfani da su suna cin kuɗi kuma ba sa daɗewa. Ana lissafa wannan cikin gwaje-gwaje na farko a duniya na amfani da sola a ƙauye. A ƙasar ne kuma Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda Jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana shugabantar hukumar binciken makamashin rana, bayan ya riga ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka a 1964. Mutum ɗaya ya haɗa damuwar makaranta da ta hasken rana, kuma ya nace a kan cewa 'yan ƙasa su riƙa ƙera kayan da kansu. A Nijeriya an kafa cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Sakkwato a 1982. Amma shirin talabijin na Nijar ya dogara da kuɗi da ƙwararrun Faransa, bai kuma taɓa game makarantun ƙasar ba. Farantin ya yi aikinsa, abin da ya gaza shi ne tsarin da zai riƙe shi.

Yau abubuwa biyu sun sauya. Farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, yayin da man janareta ya yi tashin gwauron zabo tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Buƙatar ma ta ƙaru, domin tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, ke nan yaron Kausani da bai taɓa zama gaban kwamfuta mai wuta ba zai shiga ɗakin jarrabawa ɗaya da ɗan birni da ya saba. An kuma ga manyan ayyuka: a Satumban 2019 an ƙaddamar da tashar wuta mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, haɗin sola da batura da injina, sannan a Janairun 2023 aka buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso. Waɗannan sun tabbatar da cewa ranar Kano ta isa ta ɗauki nauyi mai yawa. Ba su amsa tambayar firamaren ƙauye da tsangayar bayan gari ba.

A nan ne suka mafi ƙarfi take. Masu ita suna cewa makarantar da rufinta yake yoyo, yara suna zaune a ƙasa, malami ɗaya yana fama da aji fiye da ɗaya, ba sola ce matsalarta ta farko ba. Suna ƙarawa da cewa batir yana mutuwa bayan 'yan shekaru, ƙurar hunturu tana rufe farantin, ɓarayi suna kwance shi a lokacin hutu, kuma kowa ya ga fitilun kan titi da suka mutu ba a waiwaye su ba. Suna kuma da hujja daga tarihin kwanan nan: makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin tarayya ta gina fiye da 150, farawa da ta Gagi a Sakkwato a 2012, da dama daga cikinsu sun lalace saboda an gina ba a tanadi mai kula ba. Ban ga abin musantawa a cikin wannan ba, sai dai ina ganin duk misalan suna zargin hanyar bayarwa ne, ba ita solar ba. Aikin kwangila da aka zo aka ɗaura, aka ɗauki hoto, aka tafi, ba tare da wani a garin ya san inda ake sayen batir ko wanda zai biya ba, ya riga ya mutu tun ranar buɗe shi. Maganar rufi da benci kuwa gaskiya ce, amma ba ta hana ƙaramin abu mai araha ba. Tsangaya ba ta buƙatar megawat. Faranti ɗaya ko biyu da batir da 'yan ƙwayaye sun isa su maye gurbin hayaƙin kiskadi, su kuma sauke wa kolo nauyin yawon itace, ko da yake a watannin sanyi za a ci gaba da buƙatar wuta ko bargo, domin ƙwan sola ba ya ɗumama jiki.

Saboda haka abin da ya dace a ɗauko daga tsangaya tsarinta ne, a bar mata hayaƙinta. Kafin a ɗora faranti a kan rufin wata makaranta, a fara sanin sunan wanda zai goge shi duk mako, da wanda zai kwana kusa da shi a lokacin hutu, da asusun da za a riƙa tara kuɗin sabon batir tun daga watan farko, ko ta hannun kwamitin iyaye da malamai, ko ta kuɗin cajin waya da mutanen gari za su riƙa biya, ko ta wani abu mai kama da kuɗin Laraba da iyaye suka saba bai wa malam. Haka dashen itatuwa: darbejiyar da aka dasa ranar biki ba a ɗora wa kowa ba, akuya ce za ta ci ta kafin damina ta dawo, amma wadda aka danƙa wa aji guda da sunansa tana da damar yin inuwa.

Wudil tana da wata dama da yawancin ƙananan hukumomi ba su da ita. Jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a garin a 2001, wadda aka mayar wa suna Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022, tana yaye injiniyoyin lantarki a kusa da waɗannan ƙauyuka. Ya kamata ƙaramar hukumar da hakimai da dagatai da alarammomi su zauna da jami'ar, a horar da matasa biyu ko uku a kowace mazaɓa kan haɗa sola da gyaranta, a kuma ƙi karɓar duk wani aikin sola na makaranta da bai zo da mai gyara na cikin gari da asusun batir ba.