Daga Allo Zuwa Aji: Ina Aka Bar Yaro Mai Nauyin Kai?

Idan muka waiwayi tarihin karatu a ƙasar Hausa, za mu tarar makarantar allo ba ta kora yara gaba ɗaya kamar garke. Yaro zai fara da babbaƙu, haruffa zalla, kowanne da sunansa na Hausa, irin su ha kuri, sannan farfaru, inda ake sa musu wasula. Ba ya wanke allonsa sai ya iya abin da ke kai, ko da zai yi wata guda. Mai nauyin kai yana tafiya a hankali, amma yana tafiya.

Boko, tun daga makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa ta Kano a 1909, ya zo da aji da zango da jarrabawa. Littattafai kam an samu, musamman Magana Jari Ce na Abubakar Imam a 1937, wanda aka rubuta domin 'yan makaranta. Sai dai littafi, komai daɗinsa, na wanda ya iya haɗa baƙi ne.

Da shirin UPE na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, malami ɗaya ya kasa sauraren kowane yaro. Mu da ke sakandare mu ke karɓar sakamakon: ɗalibi ya shekara shida a firamare, yana kwafe rubutun allon bango tsaf, amma a ce ya karanta sai ya sunkuyar da kai.