Koren Kwat na Augusta: Gasar Masters Ta Kai Karo na 90

Cikin manyan gasannin golf huɗu da duniya ta sani, Masters ce auta. Gasar Open ta Birtaniya tun 1860 ake buga ta, US Open ta biyo baya a 1895, ta PGA kuma a 1916. Masters ba ta zo ba sai 1934, kuma wadda ta faɗo a Afrilun 2026 ita ce karo na 90. Amma duk wanda ya zauna gaban talabijin ya kalle ta zai rantse ita ce babbar yaya. Sauran ukun kowace shekara sai sun sake masauki, ita kuwa tun da aka haife ta ba ta taɓa kwana a waje ba. Fili ɗaya ne, na kulob ɗin Augusta National da ke garin Augusta a jihar Jojiya ta Amurka, ramukan nan 18 dai, sai dai a ƙara musu tsawo. Kwarjinin nan kuma mutum biyu ne suka zauna suka ƙera shi da gangan, al'ada bayan al'ada.

Na farkonsu Bobby Jones ne, ɗan garin Atlanta, haifaffen 1902. Ya karanta injiniya, ya karanta adabin Turanci a jami'ar Harvard, ya kuma zama lauya. Golf a wurinsa abin sha'awa ne, bai taɓa karɓar kuɗin gasa ba a zamanin da yake tashe, amma masu cin abinci da wasan shi suke tsoro. A 1930 ya yi abin da ba a taɓa yi ba, ba a kuma sake ba: ya cinye manyan gasanni huɗu na wancan zamani a shekara guda, biyu a Birtaniya, biyu a Amurka. Sai ya ajiye sanda yana ɗan shekara 28. Suna ya yi masa yawa har ta kai ba ya iya fita ya buga wasa da abokansa ba tare da dubban mutane sun biyo shi ba. Abin da yake nema kawai shi ne wani wuri a Kudu, mai ɗumi a lokacin sanyi, inda zai rufe ƙofa ya buga abinsa cikin kwanciyar hankali.

Na biyun, Clifford Roberts, ɗan kasuwar hannun jari ne daga New York, mutum mara fara'a, mai tsantseni, wanda ko hoto ya karkace a bango sai ya tashi ya daidaita shi. Jones ya kawo suna da farin jini, Roberts ya kawo lissafi da sa ido. Da ɗayansu ne kaɗai, da ba a je ko'ina ba.

Filin da aka nuna musu a 1931 tsohuwar gonar baba ce, irin wadda ake rini da ita. A 1857 wani dattijo ɗan Beljiyam mai suna Louis Berckmans da ɗansa Prosper suka saye ta suka mai da ita lambun renon itatuwa da furanni, suka sa mata suna Fruitland. Lambun ya daina aiki, amma itatuwan suna nan. Eka 365 ne, aka saye su a kan dala 70,000. An ce da Jones ya tsaya bayan tsohon gidan ya dubi yadda ƙasar ta gangara zuwa rafi, sai ya ga kamar ta daɗe tana jiran wanda zai shimfiɗa mata filin golf. Layin itatuwan magnoliya da 'yan Berckmans suka dasa shi ne har gobe mashigar kulob ɗin, gidan da aka gina a 1854 shi ne zaurensa, kuma kowane rami an raɗa masa sunan wata itaciya ko fure.

Wanda ya zana filin tare da Jones shi ne Alister MacKenzie, likita ne ɗan Birtaniya da ya yi aikin soja a yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu, inda ya koyi yadda ake ɓoye ramin mayaƙa a cikin tudu da kwari. Dabarar nan ta ruɗa ido ita ya zuba a Augusta. Babu doguwar ciyawa mai cinye ƙwallo, ramukan yashi kaɗan ne, fili ne buɗaɗɗe wanda ɗan koyo ma zai ji daɗinsa. Tarkon yana kewayen ramin, inda ƙasa take da gangara da santsi, ƙwallo ya sauka taku biyu daga inda ya kamata, sai ka ga ya mirgina ya nufi ruwa. MacKenzie ya rasu a Janairun 1934, saura wata biyu a fara gasar farko, yana bin kulob ɗin bashin ladan aikinsa.

Ba mugunta ce ta hana a biya shi ba, babu ce. An buɗe kulob ɗin a tsakiyar karyewar tattalin arziƙin Amurka. An yi shirin samun mambobi 1,800, aka aika dubban takardun gayyata, amma lokacin gasar farko waɗanda suka biya ba su kai 100 ba. Gasar ma an ƙirƙiro ta ne don a jawo hankali ko a sami mambobi. Roberts ya lallashi Jones ya dawo ya buga, domin ya san sunansa ne zai sayar da tikiti. Aka sa ta a ƙarshen Maris, daidai lokacin da marubutan wasanni suke komawa Arewa daga Fulorida, don su yada zango a Augusta. Horton Smith ya yi nasara ya tafi da dala 1,500, Jones ya zo na 13. Tun farko Roberts ya so a kira ta Masters, wato gasar gwanaye, Jones ya ga kamar akwai cika baki a ciki ya ƙi, sai a 1939 ya sakar masa.

Bugu ɗaya ne ya fito da ita duniya. A 1935, ranar ƙarshe, Gene Sarazen yana bayan Craig Wood da bugu 3, ya iso rami na 15 wanda aka yanke wa bugu 5. Daga nisan yadi 235 ya ɗaga ƙwallo, ya tsallake tafki, ya mirgina ya faɗa rami a bugu na biyu. Nan take tazarar ta goge. Kashegari aka yi wasan raba gardama na ramuka 36, Sarazen ya ci. 'Yan kallon da suke wurin ba su da yawa, amma Jones yana cikinsu, jaridu kuma suka ɗauki labarin suka baza.

Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da gasar daga 1943 zuwa 1945. Aka saki shanu da talotalo a filin, shanun suka cinye furannin da suka iya kaiwa.

Bayan yaƙi ne al'adun suka fara zama da gindinsu. Koren kwat tun 1937 mambobi suke sa shi, don baƙo ya gane wanda zai tambaya hanya. A 1949 aka fara yafa wa zakara, Sam Snead ne ya fara samu. Abin ya fi kama da alkyabbar naɗin sarauta, domin ba a sayen ta a kasuwa, kuma wanda ya riga ka ne yake yafa maka: zakaran bara shi ke riƙe wa na bana kwat ya zura hannu. Shekara ɗaya tal aka yarda ya tafi da shi gida, daga nan ya dawo da shi a rataye a kulob, sai ya zo ya sa. A 1952 Ben Hogan ya kawo shawarar liyafar zakaru, wadda ake yi daren Talata na makon gasa, mai riƙe da kambu ya zaɓi abinci ya kuma biya daga aljihunsa. Sandy Lyle ɗan Sikotilan ya zo da siket ɗin gargajiyar ƙasarsu a 1989, ya ajiye wa dattawa tumbin tunkiya da aka cusa wa kayan ciki da hatsi. Tiger Woods kuwa a 1998, yana ɗan shekara 22, baga da madarar sanyi ya kawo musu.

Roberts ba ya sassauta wa kowa, ko shugaban ƙasa. Dwight Eisenhower mamba ne tun 1948, kuma akwai wata itaciya a rami na 17 da ƙwallonsa ya saba dukanta. A taron mambobi na 1956, yana kan mulkin Amurka, ya nemi a sare ta. Roberts ya rufe taron ba tare da an tattauna ba. Itaciyar ta ci gaba da zamanta har 2014, lokacin da ƙanƙara ta farfasa ta.

In ana maganar zamanin da Masters ta fi haskawa, to daga 1958 ne zuwa 1966. Gidan talabijin na CBS ya fara nuna ta a 1956, sai ga Arnold Palmer, ɗan mai kula da filin golf daga Pennsylvania, mai ƙirar ɗan dambe, yana tafe yana jan wando sama, yana kai farmaki ga rami ba ya lissafin asara. Sojojin barikin da ke kusa da garin suka riƙa bin sa, har aka laƙaba wa magoya bayansa rundunar Arnie. Ya ci a 1958, shekarar da marubuci Herbert Warren Wind ya raɗa wa lungun ramuka na 11, 12 da 13 suna Amen Corner, kusurwar da rafi ya ratsa, inda iska take juyawa babu gargaɗi. Daga 1960 zuwa 1966 babu wanda ya taɓa koren kwat sai mutum uku: Palmer, da Jack Nicklaus, da Gary Player na Afirka ta Kudu. Player ne baƙo na farko da ya ci, a 1961, kuma shi ne ya tafi da kwat ɗin ƙasarsu ya ƙi dawo da shi, har Roberts ya kira shi a waya, suka rabu a kan ba zai sa shi a bainar jama'a ba. Nicklaus da ya ci a jere a 1965 da 1966, babu wanda zai yafa masa, shi ya sa wa kansa.

Sutura ma a nan ta sami fage. Jones da tsararsa da farar riga mai dogon hannu da nakatai suke buga wasa, da wando iya gwiwa da doguwar safa, Sarazen kuwa bai rabu da irin wannan wando ba har tsufansa. Jimmy Demaret, wanda ya ci sau 3 tsakanin 1940 da 1950, shi ya fara shigo da launuka masu kashe ido. Hogan farar hula, Snead malafar kaba, Player baƙi daga sama har ƙasa. Da aka fara nuna gasar da launi a 1966, sai riga ta zama tambarin mai ita. Har yau in aka ce rawayar riga, 1986 masu bin wasan suke tunawa, lokacin da Nicklaus, yana da shekara 46, an riga an cire shi daga lissafi, ya buga ramuka 9 na ƙarshe da bugu 30, ɗansa yana ɗauke masa da jaka, ya karɓi kwat na shida. In aka ce ja ranar Lahadi, Tiger ne.

Akwai kuma fararen kayan masu ɗaukar jaka, riga da wando a haɗe, da koriyar hula, sunan ɗan wasa a baya, lamba a ƙirji, lamba 1 ta mai riƙe da kambu ce. Har zuwa 1982 dole ne kowane ɗan wasa ya yi amfani da mai ɗaukar jaka na kulob, kuma dukkansu baƙar fata ne, yawancinsu daga unguwar Sand Hills da ke kusa. Su suka san gangarar filin kamar tafin hannunsu. Nathaniel Avery ya raka Palmer a nasarorinsa 4, Willie Peterson ya raka Nicklaus a 5, Carl Jackson ya ɗauki jaka a gasar sau 54.

Wannan ya kawo mu ga abin da masu suka ba sa bari ya wuce. Kulob ɗin ɗan zamaninsa ne da yankinsa, kuma ya yi nawa wajen buɗe ƙofa. Charlie Sifford ya ci gasanni a 1967 da 1969 ba a gayyace shi ba, sai a 1975 Lee Elder ya zama baƙar fata na farko da ya buga. Mamba baƙar fata na farko sai 1990, mata kuma sai 2012, da Condoleezza Rice da Darla Moore, bayan taƙaddamar da ta sa aka nuna gasar 2003 da 2004 babu talla ko ɗaya. Jones ya rasu a 1971 bayan doguwar jinyar laka, Roberts a 1977. Amma a filin nan ne dai Tiger Woods ya ci a 1997 yana ɗan shekara 21 da tazarar bugu 12, Elder yana tsaye cikin 'yan kallo, kuma a 2021 kulob ɗin ya tsayar da Elder tare da Nicklaus da Player a bikin buɗe gasa.

A ganina amfanin Masters bai taɓa fitowa fili kamar yanzu ba. Tun 2022 kuɗi ya raba kan 'yan wasa gida biyu, wasu sun koma gasar LIV da Saudiyya ta ɗauki nauyinta, kuma Augusta na cikin 'yan wuraren da suke haɗuwa, domin wanda ya taɓa cin ta gayyatarsa har abada ce. Kuɗi akwai shi, Rory McIlroy ya tafi da dala miliyan 4.2 a 2025, amma hawayen da ya zubar a durƙushe na kwat ne, wanda ya cika masa manyan gasanni huɗu. A filin ba a shiga da wayar hannu, ba a gudu, allunan maki da hannu ake sauya su, babu allon talla ko ɗaya, burodi da cuku kuma dala ɗaya da rabi ne. Da Jason Day ya fito a 2024 da falmaran mai manyan rubutu, cikin ladabi aka ce ya cire, ya cire.

Ƙofar da aka yi nawar buɗewa kuma yanzu kulob ɗin ne yake ƙara mata faɗi. Ya taimaka aka kafa gasar 'yan sha'awa ta Asiya a 2009, wadda ta kawo Hideki Matsuyama Augusta yana ɗalibi, ya dawo a 2021 ya zama ɗan Japan na farko da ya ci. Tun 2019 mata 'yan sha'awa suna da gasarsu da ake kammalawa a filin. Afirka tana da zakaru 3, Player da Trevor Immelman a 2008 da Charl Schwartzel a 2011, dukkansu daga Afirka ta Kudu, kuma a 2025 kulob ɗin ya sanar cewa duk wanda ya ci gasar Open ta ƙasar zai sami takardar gayyata kai tsaye.